Bangon Katako

Saura minti biyar a buɗe labule, ƙafar bangon katako ta karye. Malamar da ke kula da ɗaliban wasan kwaikwayo ba ta tsaya salati ba. Ta tura 'yan wasa fage, ta sa kafaɗa ta tokare bangon ta baya. Kafintan makarantar ya tokare ɗaya gefen. Haka za su tsaya har a rufe labule, don in ɗaya ya saki, bango zai rufta kan yara.

Ya dube ta, ta kau da kai.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "yau dai ba inda za ki."

"Ba a surutu a bayan fage, Malam."

"To a hankali zan faɗa. Aurenki nake so."

Bangon ya girgiza. Ɗalibin da ya fito a alƙali ya waiwayo a firgice, 'yan kallo suka kwashe da dariya.

"Kai ka kwance ƙafar nan da gangan?"

"Wallahi a'a. Amma ban yi baƙin ciki ba."

Ta cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mata. Gumi yana tsiyaya a goshinsa. Ta ƙyale shi yana jira har alƙali ya gama yanke hukunci.

"Leƙa ta tsagar nan. Dattijon layin gaba mai sanda, Baffana ne, wurinsa za ka. Riƙe da kyau, kada ya fara saninka a matsayin kafintan da bangonsa ya faɗi."