Ƙanzon Tukunyar Aisa

Aisa ta liƙe bakin tukunyar da laka, ta tura ta cikin garwashi, ta ɗebo wani a kasko ta zuba bisa murfin. Da za ta miƙe sai da ta dafa ƙugu.

Kazar da ke cikin tukunyar ita ce ta ƙarshe a gidan. Ambaliyar bana ta cinye gonakin fadama, ta tafi da akurki da abin da ke cikinsa. Shinkafar kuwa ja ce, ta iri, wadda Aisa ta ɓoye a tulu. Tun hantsi take sussuka da bakace ita kaɗai.

Falmata, yayar marigayi mijinta, ta leƙo madafi.

"Aisa, irin shuka kika daka? Baɗi fa?"

"Baɗi ta Allah ce, Yaya."

"In dai don Shu'ibu ne kin yi asara. Ba zai ci ba."

"Wa ya ce don wani na yi? Kazar ce ta daina ƙwai."

Da kakar nan Shu'ibu, yaron da ya tashi a hannun Falmata, ya dawo daga yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai sojoji ƙetaren teku. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Malam Madori, aka ƙarasa da shi Hadejia a kan jaki, kakin soja na reto a jikinsa. Tun daga ranar abinci ya ƙi shi. Tuwo, kunu, fura, sai ya taɓa ya ture. An sha rubutu, wanzami ya yi ƙaho, an karɓo ƙwaya a asibiti, duk shiru. Wanzamin ma ya faɗa wa Falmata a asirce cewa in aka ci gaba a haka, da wuya ya ga bazara. Ita kuwa wuni take a gefensa da mafici, tana ɗana ci, ɗana daure. Shi kuma amsarsa ɗaya: "Iya, bari."

Aisa ba ta taɓa zama a wurin ba. In za ta wuce tabarmarsa, kai take kawarwa. Ranar da ya iso ma, mata na guɗa, ita tulu ta ɗauka ta nufi kogi. Duk unguwa an san babu magana tsakaninsu, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Girkin nan a wurin Bunu ta koya, mijin nata, wanda ya tsufa yana kuku a gidan Joji, Baturen mulki, a bariki. Can murhun ƙarfe ne mai ƙofa, nan kuwa tukunyar ƙasa ce, amma hanyar ɗaya ce. A murje kaza da man shanu da albasa da citta da masoro, a kwantar da ita bisa jiƙaƙƙiyar shinkafa, a zuba romo, a rufe ruf, wuta sama wuta ƙasa. Barkono dai yau ta ɗauko ta mayar.

Bunu yakan ce Turawa ba sa son gindin tukunya ya kama, da ƙamshi ya tashi sai a janye. Ƙamshi ya tashi, ya cika gida. Aisa na zaune ta miƙe ƙafafu, ba ta motsa ba.

"Aisa! Ya fara kamawa fa!" in ji Falmata.

"Na ji."

Ta tura wani ɗan kara ƙarƙashin tukunyar.

Da aka idar da magariba aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ta fasa lakar, tururi ya tashi, kazar ta yi ja, mai ya ratsa shinkafa. Mutanen gida suka hau ci, rabonsu da nama tun kafin ruwa. Falmata ta kai wa Shu'ibu akushi da cinya a sama. Ya ɗan gutsura, ya daɗe yana juya shi a baki, sannan ya ture akushin.

Falmata ta rufe fuska da gefen zane.

Aisa ba ta ɗaga kai ba. Ta jawo tukunyar tsakanin ƙafafunta, ta sa sakaina, ta shiga kankara. Ƙar, ƙar, ƙar. Ƙanzo ya riƙa ɓantarewa, ja wur, yana ƙyallin mai. Ta tara shi a ƙwarya ta tura gaban Falmata.

"Miƙa wa wancan."

"Haba Aisa! Wanda ya ƙi cinya ne zai ci ƙanzo?"

Amma Shu'ibu ya riga ya ɗago tun da ya ji ƙarar sakaina. Ya miƙo hannu. Ya ɓalli kaɗan, ya tauna, kowa na jin ƙurus ƙurus. Ya ƙara. Ya suɗe ƙwaryar, ya dubi akushin da ya ture, ya jawo shi. Aka daina ci ana kallonsa.

Da ya sha ruwa, ya dubi ƙasa ya ce, "Iya, a ce mata an gode."

Falmata tana dariya tana share hawaye. "Ga ta nan zaune, ba kurma ba ce."

"A gaya masa ya ci a hankali," in ji Aisa, "kada ya ƙware."

Ta kwashi tukunya ta koma madafi. A bayan zana ta zauna kusa da toka, sai a lokacin ta tuna ko loma ba ta kai bakinta ba. Ƙanzo dai, kamar yadda Shu'ibu yake rarrafowa gindin murhu nemansa kafin ya iya tafiya. Leɓɓanta suka motsa, sunan ya zo har bakin harshe, ta haɗiye shi kamar kullum. Tun ranar da ta yaye shi ta ɗora shi a bayan Falmata, ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba.