Muryar da Ke Cikin Kunnen Maman Gimbiya

"Kada ki ce mata komai tukuna," in ji Likita a hankali. "Ɗauki kofin roba ɗaya, ki yi yadda take yi."

A fuskar kwamfutarta, matar ta miƙa hannu ta ɗauki kofin. Yarinyar ta ja jiki zuwa bakin tabarma, amma ba ta ƙwala ihu ba. Likita ta gyaɗa kai. Wannan ma ci gaba ne.

Aikinta ke nan. Tana zaune a ofishinta na asibitin yara, iyaye suna gidajensu. Uwa za ta jingine waya inda za a ga ɗakin, ta maƙala iyafis a kunne, ta zauna wasa da ɗanta, Likita tana raɗa mata abin yi. Yaro ba ya jin muryar, canji kawai yake gani.

Maman Gimbiya da kanta ta nemo ta a waya. Ta ce mijinta mashayi ne, a gaban yarinyar yake lakaɗa mata duka, har ta kwashi ƙafa ta gudo da ita da kayan jikinsu kaɗai. Tun daga lokacin bakin yarinyar ya mutu. Ga cizo, ga yakushi, ga fitsarin kwance. Zuwa asibiti kuwa ba zai yiwu ba, mutumin yana da idanu ko'ina.

Likita ta sha jin irin wannan, ba ta ja zancen ba.

Ɗakin matar ƙarami ne, kullum labule a sake ko da rana tsaka, bango fayau babu hoto ko ɗaya. Kayan wasan duk sababbi ne fil. Yarinyar ba za ta wuce shekara biyar ba. In an kira "Gimbiya" ko waiwaye ba ta yi, kuma Likita ta bayyana wa uwar cewa yaron da ya firgita yakan toshe kunnensa ga duniya. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunta. Da aka tambayi asalinsa, matar ta yi jim, ta ce aikin uban ne.

Abin da ya fi tayar wa uwar hankali shi ne ƙofa. Da an ɗan buɗe, yarinyar sai ta zabura a guje. Likita ce ta ba da shawarar a sa sakata can sama, inda hannunta ba zai kai ba.

Matar kuwa ɗaliba ce ta gari. A ce yaba mata, ta yaba. A ce kawar da kai in tana birgima, ta kawar. Sannu a hankali cizon ya ragu. Ranar da yarinyar ta karɓi ruwa daga hannunta, matar ta fashe da kuka.

"Likita, yaushe za ta ce mini Mama?"

"Mahaƙurci mawadaci, Maman Gimbiya. Saura ƙiris."

Likita har ta fara ba abokan aikinta labarinsu, ba tare da kama suna ba. Abu ɗaya ne kawai yake mata tsaye a rai: yarinyar ta daina kallon kayan wasa. Kunnen matar take kallo. In matar ta yi shiru tana saurare, ita ma sai ta tsaya cak, sannan ta juyo ta ƙura wa wayar ido.

Yau ma hakan take yi, sai aka buga ƙofa.

Bugu mai ƙarfi, na wanda ba shi da niyyar tafiya. Matar ta daskare, kofin ya suɓuce daga hannunta.

"Kada ki buɗe sai kin san ko wane ne," in ji Likita, hannunta ya riga ya kai kan wayar ofis. "In shi ne, zan kira 'yan sanda yanzu."

"A'a!" Matar ta faɗa da sauri. "Kada ki kira kowa."

Muryar namiji ta taso daga waje, mai gidan haya ne, wai famfo yana zuba a ɗakin ƙasa. Matar ta sauke ajiyar zuciya, ta cire iyafis ta ajiye a kan tabarma. Ta zare sakatar, ta fita, ta ja ƙofar. Likita ta ji an murza makulli daga waje.

Yarinyar ba ta ruga ƙofa ba. Ta rarrafo, ta ɗauki iyafis ɗin da yatsu biyu, ta tura a kunnenta. Ta matso gaban wayar, fuskarta ta cika allon kwamfutar Likita. Likita ta ji numfashinta sama-sama.

"Sannu, 'yata," in ji Likita.

Leɓen yarinyar ya motsa. Muryar ta fito a dushe, irin wadda ta daɗe a ajiye.

"Anti, ke ce kike gaya mata abin da za ta yi, ko?"

"Ni ce, Gimbiya."

"Ba sunana ke nan ba." Ta waiga ƙofa, makullin ya fara motsi. "Tana jin maganarki. Don Allah ki ce mata ta mayar da ni kasuwar da ta ɗauke ni, Mamata ta ce in tsaya a wurin kada in motsa."