Kafin a Kira La'asar

Dutse na farko gilashin kanti ya fasa. Na biyu ya samu goshin Badaru mai kemis, jini ya rufe masa ido tun bai kai ƙofar baya ba. Samarin unguwa suka jawo shi waje ta ƙafa, suka shiga tattaka shi cikin taɓon da ambaliya ta bari a bakin titi.

Malam Shu'ibu yana tsaye, dogare da sandarsa. Bai ce a fara ba, bai kuma ce a daina ba. Tsohon hedimasta ne, rabin masu dukan nan a hannunsa suka koyi karatu a Haɗeja, da bulala. Jiya aka binne ɗansa Haris. Farfaɗiya ce ta buge shi a cikin kwalekwale wajen Auyo, ya faɗa ruwa, masunta 'yan uwansa suka tsamo gawar a cikin ciyawa. Abin da aka miƙa wa uban kawai shi ne battar ƙugiya da aka kwance daga wuyan mamacin. Tana aljihunsa, tana kacau-kacau duk lokacin da ya motsa.

Da ya ɗaga sanda, kowa ya ja baya.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa da wata 'yar wuta take aiki, irin ta lantarki. Idan ta ɓalle gaba ɗaya, shi ne mutum ya faɗi. Maganin da nake saya a kantin nan shi ke danne ta, muddin bai yanke a cikin jini ba. Shekara da shekaru yaron nan bai faɗi ba. Ni nake ba shi da hannuna kowace safiya, ina kallo ya sa a baki. To me ya kayar da shi? Alli ka sayar mini, Badaru."

"Wallahi mai kyau ne, Baba Malam," Badaru ya ce, yana tofar da jini. "Shi nake ba kowa."

Wani ya kai masa gora a haƙarƙari. Ƙarar ta yi kama da an taka busasshen kara.

Malam bai kau da kai ba. Abin da ke cin sa shi ne, yaron ya tafi daidai lokacin da ya zama mutum. Haris tun tasowarsa sarkin gyangyaɗi ne: a aji, a gona, ko tsakiyar magana. Malam kuwa ba ya haƙuri da lalaci. Gab da damina ya kama shi yana barci a masallaci ana karatu, ya mare shi a gaban jama'a, gemai-gemai da shi, har leɓensa ya fashe. "Baba, ba da gangan nake yi ba," in ji Haris. Malam ya ƙara masa. Kuma marin ya yi aiki. Cikin 'yan kwanaki ido ya washe, harshe ya saki, Haris ya koma riga kowa zuwa kogi. Malam ya sha ba da wannan misali a majalisa.

Aka ɗaure Badaru a jikin turken rumfa. Wani ya kawo galan na fetur. Amma Malam mutum ne mai son hujja. Ya ciro sauran maganin da ke gida, ya zazzage a tafin hannu, ya nuna wa kowa.

"In magani ne, zai nuna a jikina. In aka kira la'asar ina nan garau, ku ƙona kantin."

"Kada ka sha, Baba Malam, ya yi yawa!" in ji Badaru daga jikin turke.

Ya watsa a baki, ya kora da ruwa, ya zauna a kan benci, ya miƙe baya kamar yana jiran sufeto.

Rana ta karkata. Ƙudaje suka taru a goshin Badaru. Mai galan ya buɗe murfi, warin fetur ya cika rumfar. Wani ya riga ya ciro ashana.

Daga fatar ido abin ya fara. Malam ya ji kamar an ɗora mata yashi. Ya ware ido, turken rumfa ya zama biyu. Ya so ya ce lokaci ya kusa, harshe ya ƙi juyawa. Kansa ya sunkuya a hankali zuwa ƙirji, ya fizgo shi sama, ya sake sunkuyawa. Da dukan ƙarfinsa yake yaƙi da barcin, barcin yana cin sa. Kuma ya san wannan sunkuyon. Ya gan shi a aji, ya gan shi a gona, ya gan shi a masallaci.

"Ku kwance…" Iyakar abin da ya fita ke nan.

Ladan yana buɗe baki, Malam ya sulale daga kan benci. Battar ta faɗo daga aljihunsa, ta bugi dutse, murfin ya yi tsalle.

Babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. Fararen ƙwayoyin maganin Haris ne suka watsu a cikin taɓo, na tun gab da damina, tun ranar marin, kowace gefenta a narke, kamar yadda ƙwaya ke yi idan aka ɓoye ta a kunci.