Matakala ta Bakwai

"Wannan ta bakwai jabu ce, a cire ta," in ji masanin tarihin da gwamnati ta turo, yana ƙwanƙwasa matakalar benen da sandarsa. "Sauran sha ɗayan kam na asali ne, ko makaho ya shafa ya sani."

Kafinta ya dubi yayansa, ɗan kwangilar da aka ba gyaran tsohon gidan domin minista ya tare. Yayan ya harare shi.

"Ranka ya daɗe, me ya same ta?" kafinta ya tambaya.

"Dubi inda ta cinye, can jikin bango! Manya ta tsakiya suke hawa, malam. Wa zai raɓi bango kamar mara gaskiya?"

Kafinta ya san ko su wa: barorin gidan ne, shekara ɗari suna raɓewa su ba iyayen gida hanya. Ita kaɗai ce ta asali, sauran sha ɗayan kuwa gara ce ta cinye su tuni. Shi ya sassaƙa sababbi, ya goge tsakiyarsu da yashi, ya shafa musu ruwan shayi har suka tsufa, yayan ya rubuta wa gwamnati cewa ba a taɓa su ba. In ya buɗe baki, yayansa sai kotu.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji yayan. "Ƙanena ne, koyo yake."

Da yamma kafinta ya ɓamɓare ta bakwai ɗin, ya kafa sabuwa mai kwarmi a tsakiya. Ranar tarewa minista ya tsaya a kanta, ya lumshe ido, ya ce wa 'yan jarida yana jin sawun magabata a ƙarƙashin ƙafarsa.