Wainar Suna a Murhu Huɗu

Kin ce kwamfutar ofishinku tana bin fayilolin sakamakon ɗalibai dubu shida ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu ba ta ci rabi ba, ga iyaye sun fara zarya. Zauna, 'yata, ki ji wani misali.

An yi wata mai waina a unguwarmu, mijinta ya rasu, 'yarta tilo ta haihu. Ranar suna ta ce ita kaɗai za ta toya wainar jikanta, ba ta son ɗora wa kowa nauyi. Ana idar da sallar asuba ta hura wuta, ta ɗora tandarta. Hannunta da sauri, amma waina ba ta san sauri ba, sai ƙasanta ya soyu ake juya ta. Hantsi ya yi, dangin uban jariri suka fara isowa daga ƙauye, ƙullun kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Ta ƙara itace, wainar ta ƙone a waje, cikinta ɗanye. Ta zauna tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Maƙwabtanta uku suka leƙo, suka koma, sai ga su kowacce da tandarta. Da fari abin bai yi ba. Fanteka ɗaya, ludayi ɗaya, suka yi cirko-cirko suna jiran juna, mai yana ƙonewa a banza. Babbarsu ta ce, "'Yar'uwa, kasa mana ƙullun nan, kowa ta ji da nata." Aka raba shi roba huɗu. Wata ta ce a kira ƙarin mata, babbar ta hana: murhu huɗu tsakar gidan ke ɗauka, wadda ta ƙaru sai dai ta sha hayaƙi. Kafin kiran azahar kowane baƙo ya ci, har aka ɗaure wa na ƙauye a leda. Mai waina ta je ta ɗauko jaririn ta ɗora wa babbar a cinya.

Kwamfutarki ma murhunta, wato sassan da ke sarrafa aiki a cikinta, ya fi ɗaya, ke kika bar ta tana aiki da guda. Kasa fayilolin daidai abin da za ta iya ɗauka, ki sake su lokaci guda, kowane kashi ya ajiye nasa a wurinsa. Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.