Bakaniken da Ya Goge Sifanoninsa

Ka ce za ka sake wa abin da ke yi maka aiki fasali, don kawai wani ya zo ya yatsina fuska a kansa. To, ba zan hana ka ba, amma ji wannan tukuna.

An yi wani bakanike a wani gari na bakin fadama, wanda tsufa ya sa ya bar gareji ya koma noman rani. Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya cin goro, jarabarsa ɗaya ce: tara tsofaffin sifanoni. Kuma ba na manyan kamfanonin da kowa ya sani ba, a'a, sai waɗanda maƙeransu suka daɗe da rufe masana'anta, sunan ma sai ka tofa yawu ka murza da babban yatsa kafin ya fito. Duk ranar kasuwa yana wurin 'yan gwangwan, a tsugune, yana tonon tarkacen ƙarfe kamar kaza a juji. Shekara talatin yana wannan hali, har ya cika akwatin katako biyu. Baƙaƙe ne wuluk, tsatsa da baƙin mai sun lulluɓe su, amma bakin kowace yana nan daidai yadda aka ƙera shi. Ba kuma ajiyar banza ba ce. Injin ban ruwan da yake shayar da albasarsa tsoho ne tukuf, gadon ubangidan da ya koya masa aiki, kuma notunansa duk awon inci ne irin na da. Sifanar zamani ba ta zama a kansu, wannan ta yi yawa, mai bi mata ta yi kaɗan. A duk yankin, abin da ke cikin akwatunansa ne kaɗai ke iya kwance injin nan.

Rannan wani baƙo ya zo daga birni, shi ma mai irin wannan jaraba. Ya ciro waya ya nuna masa hoton nasa, an jera su a jikin allo suna ta ƙyalli. Sannan ya leƙa akwatunan, ya taɓe baki, ya ce kaya kam masu kyau ne, sai dai an bar su sun lalace. Bakanike ya yi dariyar yaƙe, ya raka baƙonsa, amma maganar ta yi kwana uku tana ci masa rai. Wato shi tarkace yake tarawa duk shekarun nan? Ya ɗora akwatunan a kura, sai shagon mai walda, wanda ke da injin nan mai dutse da ke cin ƙarfe. Mai walda ya juya ɗaya a hannu, ya ce, "Baba, har cikin bakin?" Ya ce, "Har ciki. Kada ka bar mini ɗigon tsatsa." Mutumin da ya tsufa yana ɗaure noti fa, wanda ya fi kowa sanin ba a taɓa bakin sifana, amma son a yaba ya rufe masa ido. Aka goge su tas, ya kafa ƙusoshi a zaure ya rataye su, masu wucewa suna tsayawa kallo, shi kuwa baki har kunne.

Ana tsakiyar zafin bazara, albasa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishirwa, sai injin ya tsaya. Ba wani babban ciwo ba ne, daga jin ƙarar ya san inda matsalar take. Noti huɗu zai kwance, ya sauya roba ya mayar, aikin rabin awa. Ya ɗauko sifanar da ta saba yi masa wannan aiki, ya ɗora, sai ya ji tana ɗan rawa. Abin da dutse ya ci bai fi kaurin farce ba. Ya ce bari dai ya gwada. Ya danna da ƙarfi, ta zame, yatsunsa suka daki ƙarfe, gefen notin ya tafi. Ya koma zaure ya kwaso sauran masu awonta, duk kanwar ja ce. Kafin azahar notin ya mulmule kamar ƙwallon goruba, babu abin da zai kama shi. Dole aka ciccibi injin zuwa birni, aka yanke notin, aka shiga neman irinsa, kwana shida cur. Maƙwabta kowa na fama da nasa ban ruwan. Shi da matarsa suka yi ta jido da bokiti har kafaɗunsu suka sage, amma bokiti ba ya shayar da kadada. Ran da injin ya dawo, ganyen albasar ya riga ya kwanta, ya bushe ƙayau. Ya tsuguna ya tono guda, kanta bai fi ɗan yatsa ba. Abincin gidansa na shekara ke nan, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne babu ɓarawo babu ƙwari, babu wanda zai nuna wa yatsa sai kansa.

Ka je ka yi tunani. Irin wannan ne Hausawa suka gani suka ce garin neman gira an rasa ido.