Mai Keke a Gonar Shinkafa

Tunda ka ce ranar da ka sauka a sabon wurin aikin nan ranar za ka fara gyara komai, zauna ka ji abin da ya sami wani mutum.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, tun yana saurayi ba abin da yake so kamar keke. Bayan ya yi ritaya, 'yarsa da ke karatu a wata ƙasa can gabas mai nisa ta aiko masa cewa bikin kammala karatunta ya matso, lallai ya zo. Ya ce zai zo, amma jirgin sama iyakarsa babban birnin ƙasar. Daga nan zuwa garin da 'yar take a bakin teku, tafiyar kwanaki, a kan keke zai yi ta. Ya ja amininsa, wani tela da suka daɗe suna yawon keke tare, suka kwance kekunansu suka ɗaure a kwali, suka tashi.

Ita kuwa ƙasar nan, lokacin da alfijir ke ketowa a can, a gida yanzu aka gama cin tuwon dare. Suka kwana a masauki ido biyu, suna juyi a kan gado kamar masa a tanda. Da asuba cikin mutumin ya fara neman tuwo da miya, da gari ya waye kuma hamma ta kama shi. Telan ya ce, "Malam, jikin nan bai san ya bar gida ba. Mu ba shi kwana biyu, mu sha rana, mu ci abinci lokacin da mutanen gari ke ci." Shi kuwa ya riga ya ɗaure kaya a bayan keke. Ya ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin dare? Ka same ni a gaba."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Hanya sumul, iska mai sanyi, gonakin shinkafa cike da ruwa dama da hagu suna ƙyalli, balbelu na tsaye a ciki. Har waƙa ya riƙa yi. Amma da hantsi ya ɗaga, sai idanunsa suka yi nauyi. Ya ɓare goro ya tauna, ya sheƙa wa kansa ruwa, ya ci gaba da murza feda. Can hanya ta yi kwana, shi bai yi ba. Bai farka ba sai da ya ji shi zaune a taɓo, ruwa har ƙugu, kwaɗi na tsalle ta ko'ina, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe kamar murfin kwano da mota ta taka. Wata tsohuwa mai faffaɗar malafa da mijinta suka taho da gudu. Da suka ga ko ƙwarzane bai yi ba, tsohuwar ta riƙe ciki tana dariya, shi ma dole ya taya ta. Ba mai jin yaren wani, amma suka ja shi gida, suka ba shi ruwan wanka da shinkafa da gasasshen kifi, suka shimfiɗa masa tabarma. Bai motsa ba sai magariba. Mijin tsohuwar ya kai ƙafar keken wurin mai gyara a gari, ya dawo ya nuna masa da hannu cewa sai an aiko da sabuwa daga birni. Hankalin mai keken ya tashi, yana ta tunanin 'yarsa za ta duba cikin taro ba ta ga ubanta ba. Da zama ya ishe shi, ya naɗe wando ya shiga gona, ya taya su sake dasa shukar da ya tumurmusa. Yana cikin rana tare da su, yana ci in sun ci, har barcinsa ya koma na mutanen gari.

Ana nan sai ga telan tafe, fes da shi, ya huta ya ƙoshi. Ya hango keke jingine ba ƙafar gaba, ga wani baƙin mutum da malafa duƙe a gona. Ya tsaya ya ce, "Ka ce in same ka a gaba, ai ban san ƙwadago ka zo yi ba." Shi ma sai da ya zauna jiran gyaran. Ko da suka kama hanya lokaci ya ƙure, tilas ƙarshen tafiyar suka loda kekunan a jirgin ƙasa, suka isa da safiyar bikin. Yarinyar ta fito cikin rigar kammala karatu ta rungume ubanta, tana tambayar yaya hanya. Telan ya ce, "Hanya lafiya lau, 'yata. Sai dai babanki ya bar gona a baya, in kaka ta yi ki je ki karɓo masa rabonsa."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.